Masu sanin Kauai a taimaka: me ake ci, wace hanya ake bi?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Maigida ya yanko mana tikitin Kauai, ɗaya daga tsibiran jihar Hawai ta Amurka, a hutun Disamba, mu da yara. Shi abin da ya ƙwallafa rai a kai hanyar ƙafar nan ce ta bakin teku, Kalalau. Tun da ya ga hotonta ya hana mu sakat. Ni kuwa abinci ne damuwata, don an ce girkinsu na gargajiya duk a kan gwaza yake. Wanda ya san wurin ya ba mu haske don Allah: me za a ci, me za a kauce wa, kuma hanyar ta mai yara ce? 'Yan biyun shekararsu goma sha biyu.

Kawu na Honolulu: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin zancen abinci, ki fara kama gurbin shiga wurin, don nan mutane suke tashi a tutar babu. Bakin hanyar yana cikin gandun Haena, a ƙarshen titin arewacin tsibirin, kuma ba a shiga haka kawai. A watan Afrilun 2018 an tafka ruwan da a awa 24 ya haura milimita 1,200 a Waipa, wani yanki da ke kan titin nan, duwatsu suka zaftaro suka toshe titin, aka rufe shi fiye da shekara. Da aka buɗe a Yunin 2019 sai gwamnatin jiha ta ƙayyade mutum 900 a rana. Ana buɗe gurbi ta intanet saura kwana 30, na ajiye mota kuwa kafin ki ƙifta ido ya ƙare. Ku nemi na bas ɗin da ke tashi daga Waipa, ya fi samuwa, kuma ya raba ku da wahalar tuƙi a kan ƙananan gadoji masu hannu ɗaya.

Auta: Anti, ki bar Yaya ya je! Mil 11 ce daga gaɓar Ke'e zuwa gaɓar Kalalau, kusan kilomita 18, tana ratsa kwari biyar. Ban taɓa taka hanya mai kyanta ba. Teku a damanka, dutse kore shar a hagunka, ka hau ka sauka ka sake hawa.

Kawu na Honolulu: Auta, kai a watan Yuli ka je, kai kaɗai da jakarka a baya. Wannan baiwar Allah Disamba ta ce, da yara. Kuma ka manta ka gaya mata wuce gaɓar Hanakapiai, da ke mil na biyu, sai da takardar izinin kwana, ko da mutum bai yi niyyar kwana ba. Takardar nan tun da wuri ake wawashe ta.

Auta: Gaskiya ne Kawu. Akwai kuma wajen mil na bakwai inda hanya take tsukewa a jikin dutse, ƙasa kuwa teku ce tsagwaronta. In ƙasa ta jiƙe, ko ni ba zan bi ba.

Kawu na Honolulu: To ka gani. Abin da ya dace da iyali shi ne mil biyun farko, daga Ke'e zuwa gaɓar Hanakapiai, a juyo. Mil huɗu ke nan zuwa da dawowa, amma kada lissafin ya ruɗe ki, hawa ne da gangara kan duwatsu da saiwoyi da jan taɓo mai santsi. Ku ba shi rabin yini. In yara sun gaza, a rabin mil na farko ma akwai inda ake tsayawa a hango gaɓar Ke'e a ƙasa da jerin duwatsun bakin tekun da ake kira Na Pali a gaba. Wanda ya kai nan bai yi asarar fitowa ba.

Abu biyu ne ba na wasa da su. Na farko, babu mai shiga ruwa a Hanakapiai, ko da zuwa gwiwa. Babu murjanin da ke karya ƙarfin igiyar ruwa a wurin, ruwan yana ja ta ƙasa, ya ci mutane da yawa, har da gwanayen iyo. A hunturu ma yashin gaɓar yakan tafi gaba ɗaya, sai duwatsu. Na biyu rafin da ke gab da gaɓar. Ruwa yana iya zuba a can saman dutse ku kuna cikin rana, cikin 'yan mintoci rafin ya cika. Kin ga ya yi ja ko ya fara ƙara, kada a tsallaka. In kun riga kun tsallaka, ku zauna ku jira ya sauka.

Malamin Gona: Hajiya, ni ta ɓangaren gwazar zan shigo, don ina ganin in kin fahimci gonar, abincin zai fi shiga. Mutanen Hawai kalo suke ce mata. Ba kamar yadda muke shuka ta a gefen lambu a dafa a ci da ƙuli da mai ba, su cikin ruwa suke noma ta, a kwamin da suke kira lo'i. Suna jawo ruwa daga kogi ta 'yar magudana, ya ratsa kwami zuwa kwami, sannan ya koma kogin. Dole ruwan ya riƙa gudu yana sanyi. In ya tsaya ya ɗumama, gwazar ruɓewa take. Ba iri suke shukawa ba, saman gwazar ake yankewa haɗe da kara a sake dasawa, ta yi wajen shekara kafin a cire.

Kwarin Hanalei shi ne cibiyar noman, daga Kauai mafi yawan gwazar jihar take fitowa. Kuna wuce garin Princeville akwai wurin tsayawa a gefen titi, za ki ga kwamin a shimfiɗe a ƙasa, wani kore, wani ruwa zalla yana ƙyalli. Filin gandun kare tsuntsaye ne tun 1972, manoma suna noma a ciki, tsuntsayen ruwan da suka kusa ƙarewa suna kiwo a tsakanin shukar. Ku kalla daga sama, kada ku kutsa cikin gonakin. Mutanen suna fama da nasu: ambaliya, da wata katantanwa da aka shigo da ita daga waje take cinye musu amfani.

In kina son yara su gani da kyau, lambun Limahuli yana dab da Haena, akwai tsofaffin kwami na dutse masu ɗaruruwan shekaru, har yanzu ruwa na bi ta cikinsu. Shi ma a kama gurbi. Sannan ranar da za ku hau hanya, daga inda bas ke sauke ku zuwa Ke'e, kan katako za ku taka ta tsakiyar gonar gwaza. Kwarurukan da maigida yake marmarin ratsawa ma duk gonaki ne a da. A Kalalau mutane sun zauna suna noman gwaza har farkon ƙarni na 20, katangun dutsensu suna nan a cikin daji.

Anti Mai Girki: Malam ya gama da gona, bari in shiga kicin. Uwar abincin ita ce poi. Ana turara gwazar ta nuna luguf, a ɓare, a kirɓa a kan wani faffaɗan katako da dutsen hannu, ana ɗan yayyafa ruwa. Kafin a sassauta ta ana ce mata pa'i'ai, kusan sakwara ce sai dai ta fi danƙo, launinta toka-toka mai ɗan shuɗi. In aka ƙara ruwa aka dama, ta zama poi. Da yatsa ake ɗiba, har kaurinta ma da yatsu ake faɗa: mai yatsa ɗaya, mai biyu, mai uku, mai uku ita ce ta fi ruwa.

Ɗan Zariya: Anti, ki faɗa mata gaskiya dai. Ni an ba ni a wani otal a cikin ɗan kofi, na kai baki, ba gishiri, ba zaƙi, ba komai. Na ajiye na nemi shinkafa.

Anti Mai Girki: Ai kai ka ci ta gaya, ƙanena. Ba a yi ta don a sha ita kaɗai ba, abokiyar abu mai gishiri ce. Ka ɗebi lomi, wato kifin salmon mai gishiri da aka murje da tumatir da albasa, ko gasasshen kifi, ka bi da poi, a nan za ka gane aikinta. Kuma tana da kwanaki. Ta ranar farko lami ce da ɗan zaƙi, ita ake ba jarirai. Ta kwana biyu zuwa uku takan yi tsami, dattawansu ita suka fi so. Maman 'Yan Biyu, ki fara wa yara da sabuwa, ke kuma ki ajiye kaɗan a rufe da ɗan ruwa a samanta ki gwada bayan kwana biyu. Ni mai tsamin na fi so, nesa ba kusa ba.

Amma wanda zai sace zuciyar yara kulolo ne: gwaza a goge, a haɗa da madarar kwakwa da sukari, a turara awanni har ta yi ruwan ƙasa ta yi danƙo, a yanka gunduwa-gunduwa. Na Kauai ya yi suna a duk tsibiran. Ki duba kasuwar manoma ta Hanalei ranar Asabar da safe, da wuri, don ba ya jimawa. Kada ki saya da yawa, kwakwa ba ta son zafi.

Hajiya ta Houston: Duk kun yi ta zuba ba wanda ya taɓo babbar magana. Alade fa?

Anti Mai Girki: Yanzu nake zuwa, Hajiya. Laulau shi ne tarkon. Ganyen gwaza ne ake naɗe nama a ciki, a sake naɗewa da wani ganye da ake kira ti, a turara. Na asali naman alade ne da ɗan kifi. Akwai na kaza, amma sau da yawa sukan jefa kitsen alade don ya yi maiƙo, saboda haka jin an ce na kaza ne bai wadatar ba, ki tambayi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Duk inda kika ga kalua, naman da aka gasa a rami ne, kuma kusan kullum alade ne. Shinkafar nan da ake naɗewa da yankan Spam, naman alade na gwangwani, a kowane shago, ita ma a bar ta. Abin da ya rage ba kaɗan ba ne: poi, kulolo, lomi, kifi iri-iri, haupia ta madarar kwakwa, da miyar ganyen gwaza da ake yi da kwakwa da naman halittar tekun nan mai hannuwa takwas. Poke kuwa, ɗanyen kifi ne da aka yanka aka haɗa, ki tambaya ko an sa giyar girki a ruwan haɗin. Wanda aka yi da gishiri da ciyawar teku kaɗai ya fi kwanciyar hankali.

In masaukinku yana da kicin, ki sayi ganyen ki yi laulau ɗinki da kifi. Sai dai a dafa shi ya mutu sosai, awanni, ba mintoci ba. Kin san ƙaiƙayin gwaza. Ganyen da bai nuna ba sai ya kama maƙogwaro.

Hajiya ta Houston: Madalla. Naman yanka kuma kada ki sa rai a Kauai, ku yi zamanku a kan kifi. Masallaci yana Honolulu, unguwar Manoa, a wani tsibiri daban. Alƙibla kuma ki duba a waya kafin ku fita, don can ba gabas take ba, arewa ce ta ɗan karkata yamma, kuma a kan hanyar nan waya ba ta da sabis.

Malamin Gona: Wani abu kuma, ko da za a gayyace ku gida. A tarihinsu na baka, ɗan fari na kakanninsu bai zo da rai ba, aka binne shi, gwaza ta tsiro a wurin. Na biyun, Haloa, shi ne kakan mutane. Don haka suna ɗaukar gwaza a matsayin yayansu. Mu ba aƙidarmu ba ce, amma ita ta sa in an buɗe ƙwaryar poi ba a faɗa, ba a ɗaga murya a wurin. A ja wa yara kunne kada su yatsina fuska a gaban masu gida. Akwai kuma gidauniyar Waipa da ke haɗa jama'a yin poi ranar Alhamis. Aiki ne na gayya, ba wasan 'yan yawon buɗe ido ba, ki tuntuɓe su tukuna ki ji ko suna karɓar baƙi.

Ɗan Zariya: To ni dai kulolo na yarda. Poi sai an sake zama.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka da alheri, na kwashe duka. Kawu, in ranarmu ta zo aka wayi gari da ruwa fa? Na san maigida, cewa zai yi a tafi haka.

Kawu na Honolulu: Ki ce masa ni na hana. In ruwa ya yi yawa hukuma ma rufe hanyar take, wani lokaci har gadar Hanalei ba ta tsallakuwa. Ku juya kudu, can ya fi bushewa. Daga gaɓar Keoneloa a Po'ipu akwai hanyar Maha'ulepu, wajen mil biyu, tana bin saman tsaunukan yashin da suka daskare suka zama dutse. Ba hawa mai yawa, ba gurbi, sai dai babu inuwa, kuma a riƙe yara nesa da baki don dutsen yana gutsurewa. In kuma Na Pali ɗin yake son gani ido rufe, ku hau mota ta Waimea zuwa Koke'e, akwai inda ake leƙa kwarin Kalalau daga sama. Ku isa da sassafe kafin gajimare ya rufe, ku ɗauki rigar sanyi.

Auta: Takalmi mai ƙaya a ƙasa, Anti, wanda ba kya jin asararsa, jan taɓon can ba ya fita a wanki. Ruwan sha kuma ku taho da shi, na rafi akwai cutar da ake ɗauka a ciki.

Maman 'Yan Biyu: To. Anti Mai Girki, ki turo min yadda ake naɗin laulau ɗin ta gefe, da abin da zan sa in ban samu ganyen ti ba.