Abin da malamai suka ce kan yara masu ƙwaƙwalwa daban

Jiya a Damagaram mun zauna da malamai, daga na jardan har na Jami'ar André Salifou, kan yara masu galahanga (autism) da waɗanda harufa ke rikice musu. Shawara ta farko, a koya yadda ake tafiyar da irin waɗannan yara tun ekol normal, makarantar horon malamai, don mushe (malamin aji) da yawa ya ga yaro ya toshe kunne ko yana ta jujjuya alli sai ya ce iskanci ne ko aljanu, a kai bulala, alhali hayaniyar aji ce ta ishe shi. Wata madam ta ce zaunar da shi gaba, umarni ɗaya ɗaya, kar ka tilasta ya kalli idonka. Ni wannan ta fi kama ni wallahi. Na jami'a kuma ƙarin lokaci a jarabawa suka nema wa irin waɗannan ɗalibai.