Wace kalma za mu ba "hidden curriculum" a karatun likita?

Jama'a, ku taya ni. Ina fassara wata maƙala kan horar da likitoci, sai wannan kalma ta tsaya mini a wuya.

Ga abin da take nufi. A aji an koya wa ɗalibi ya gaida majinyaci, ya kira sunansa, ya nemi izini kafin ya taɓa shi. Ranar zagayen duba marasa lafiya kuwa sai ya ji babban likita na cewa, "Ina mai hantar nan na gado na shida?" Ya yaye wa mutum riga ba ko sannu. Wani ɗalibi ya yi tambaya, aka dizga shi gaban kowa. Sauran sun gani, sun kama bakinsu. To, wannan darasin da babu shi a allo, amma ya fi na allon shiga jiki, shi ake nufi.

Philip Jackson ne ya fito da kalmar a 1968, yana magana kan makarantun yara a Amurka. Frederic Hafferty ya ja ta zuwa karatun likita a 1994 da 1998, ya nuna cewa abin ya wuce halin malami ɗaya: wane sashe ake zuba wa kuɗi, wa ake ƙara wa girma, wane laƙabi ake yi wa majinyata idan ba sa nan.

Fassarar da ke kusa ita ce "ɓoyayyar manhaja". Ban yarda da ita ba. Yau idan ka ce manhaja, waya mutane ke dubawa. Ka ƙara da "ɓoyayya", sai a ɗauka wata ce ta leƙen asiri. Sannan wa ya ɓoye ta? A gaban kowa ake yin abin, faɗa ne kawai ba a yi.

Wani ya ba ni "koyi da na gaba". Ta yi daɗin baki, amma ta bar tsarin asibitin a waje.

Ni dai na fi karkata ga "tarbiyyar bayan fage". Tarbiyya ba a rubuta ta, zama ke kawo ta, kamar zama da maɗaukin kanwa. Kuma akwai tagari, akwai mummuna. Wannan ya dace, domin ɗalibin da ya ga malaminsa ya ja kujera ya zauna kafin ya sanar da iyali mummunan labari, shi ma ta wannan hanyar ya koya. Inda nake ɗan ɗari-ɗari shi ne "bayan fage", tunda na ce a fili ake yi. Amma fagen a nan shi ne aji da jarrabawa.

Ita na sa a fassarar. Likitocinmu da ɗalibai, idan akwai sunan da kuke kiran abin a tsakaninku, ku faɗa kafin Alhamis in miƙa aikin.