Abin da aka tattauna a Nima kan ciwon damuwa

Jiya bayan la'asar mun zauna a unguwar Nima da ke Accra da wasu da suka sha fama da ciwon damuwa suka farfaɗo, ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce kar a tsaya kan ruƙiya kaɗai, a yi addu'a a kuma je asibiti, asibitin Pantang na nan, asibitin ƙwaƙwalwa na Accra ma na nan, zuwa can ba ya nufin ka haukace. Wata hajiya ta ja kunne sosai kan magani, wai ita da ta ji sauƙi sai ta watsar, ba a jima ba abin ya dawo mata har ta daina fita kasuwa, tana kwance a ɗaki labule a sauke, don haka kar ka tsayar sai likita ya ce. Samari kuma a bar tramol wallahi, ƙara rikita kai yake.

An kuma tuna mana tun 2023 yunƙurin kashe kai ba laifi ba ne a dokar Ghana, wanda ya shiga wannan hali asibiti za a kai shi. Maganar faɗa wa dangi ce aka yi ta ja, ni dai ina ganin mutum ɗaya mai riƙe sirri ya isa, zango akwai baki.