Na gama bautar ƙasa, ina ta tura takardu amma ba a kirana intabiyu

Ɗan Poli:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da HND a fannin akanta, sakamakona Lower Credit, shekarata 27, a Kano nake zaune. Shekarar koyon aiki ta bayan ND na yi ta a ofishin kuɗi na wani asibiti mai zaman kansa. Bautar ƙasa kuma a wata sakandare, ina koyar da lissafi. Ina kuma taya kawuna rubutun kaya a shagonsa na Kantin Kwari. Tun da na karɓi takardar sallama nake tura CV duk inda na ga talla, shiru kake ji. Kowace talla sai ta ce ana son wanda ya yi aiki shekara biyu ko uku. To wanda ba a taɓa ɗauka ba, a ina zai samo shekarun? Ko dai gaskiya ne sai mutum yana da uwa a gindin murhu? Don Allah a ba ni shawara.

Malamin Ofis:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka daina cewa ba ka taɓa aiki ba. Wata 12 a ofishin kuɗi, wata 12 a aji, ga shagon Kwari. Abin da ke kayar da masu irin takardunka shi ne duk wannan ba ya fitowa a CV, sai dai a ga sunan wuri da shekara kawai.

Ka fara sanin yadda ake tacewa. Gurbi ɗaya na ƙaramin akanta yakan jawo takardu fiye da yadda mutum ɗaya zai iya karantawa, don haka a zagayen farko ba karatu ake yi ba, ragewa ake yi. Ana duba abubuwan da ba su da sassauci: irin shaidar karatu, matakin sakamako, shekaru, takardar bautar ƙasa, garin da kake. Wanda ya faɗi a ɗaya an ajiye shi. Saboda haka tallar da ta ce sai digiri mai 2:1, ko sai wanda ya yi shekara biyar, kada ka ɓata datarka a kanta. Wadda ta ce shekara ɗaya zuwa biyu kuwa, taka ce, ka nema.

A zagaye na biyu ake neman amsar tambaya ɗaya: me wannan yaron ya iya yi da hannunsa? A ƙarƙashin kowane wuri da ka zauna, ka sa layi uku ko huɗu, kowanne da aikin da ka yi, da yawansa, da abin da ka yi shi da shi. Da Turanci za ka rubuta, amma ga ma'anar. Maimakon "na taimaka a sashen kuɗi", ka ce kana shigar da rasit na marasa lafiya kimanin kaza a rana cikin littafin kuɗi, kana daidaita kuɗin da aka karɓa da na POS kowane yamma, kana shirya takardun biyan masu kawo magani. A makaranta ka faɗi aji nawa, ɗalibai nawa, ko kai ke haɗa sakamakon zango a Excel. Adadin ya zama na gaskiya, don a kansa za a yi maka tambaya.

Shafi ɗaya ya ishe ka. CV ɗin da ake bugawa a shagon kwamfuta yakan cinye rabin shafin farko da addini, aure, ƙaramar hukuma, firamare, da wasannin da mutum ke so. Cire su duka idan kamfani kake nema. Aikin gwamnati ne ke buƙatar jiha da ƙaramar hukuma saboda tsarin rabon guraben aiki tsakanin jihohi. A saman shafin, bayan suna da lambar waya da imel, sa layi biyu da ke cewa kai mai HND ne a akanta, ka iya kaza da kaza, kana neman gurbi kaza. Kuma ka riƙa sauya waɗannan layukan gwargwadon tallar. Idan sun ambaci lissafin kaya a sito, shagon Kwari ya hau sama. Idan albashin ma'aikata suka ambata, asibiti ya hau.

Sai ƙananan abubuwan da ke kashe takarda tun ba a buɗe ta ba. Ka rubuta a Word ka mayar da ita PDF kai tsaye. Idan ka buga ta a takarda ka ɗauki hotonta, manhajar da manyan kamfanoni ke tace takardu da ita ba za ta iya karanta rubutun ba, wurinta shafin fanko ne. Sunan fayil ya zama sunanka da sunan gurbin. Adireshin imel ya zama sunanka na yanka, ba laƙabin abokai ba. Idan talla ta ce a sa wata lamba ko sunan gurbi a kan saƙon, ka kwafe shi harafi da harafi, domin da shi ake ware saƙonni. Kada ka tura saƙo ba rubutu a ciki, ka sa jimla huɗu ko biyar. Lambar wayar kuma ta zama wadda take kunne kullum: mai kira yakan gwada sau ɗaya ko biyu ya wuce na gaba. Ka riƙa leƙa akwatin saƙonnin banza na imel ɗinka, gayyata takan faɗa can.

Tsohon Akanta:

Malam ya gama da takarda. Ni inda ake kai ta zan taɓa, ɗana.

Shafukan neman aiki na intanet irin su Jobberman da MyJobMag da LinkedIn suna da amfani, amma can ne kowa yake, kuma yawancin guraben na Legas ne da Abuja. Kai kana Kano, inda masu buƙatar wanda zai riƙe musu littafi da yawansu ba sa talla ko kaɗan: masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa, dilolin Singa da na Dawanau, makarantu da asibitocin kuɗi, gidajen mai, da ƙananan ofisoshin masu binciken asusu. Waɗannan na ƙarshe su na fi so ka sa wa ido. Kamfanin da shekarar lissafinsa ke ƙarewa a Disamba yana da wata shida ya miƙa bayanan harajinsa, wato zuwa ƙarshen Yuni, don haka daga Janairu aiki ke yi wa ofisoshin nan yawa su riƙa neman hannu. Wanda ya kai takardarsa a Nuwamba ko Disamba ya zo a kan gaɓa. Albashin ba shi da yawa, amma wata shida a can zai cika maka CV.

Kafin ka taka, ka tabbata ka iya abu uku har ka nuna su a gaban mutum. Daidaita littafin kuɗi da bayanin asusun banki, ka gano cek ɗin da bai fita ba da cajin banki da ba a shigar ba. Excel, musamman SUMIF da VLOOKUP da Pivot Table. Da manhaja ɗaya ta lissafi, Sage ko QuickBooks ko Tally. Ka kuma haddace abubuwan da ake gwada sabon yaro da su: VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kaya da hidima, kashi 7.5 ne, ana miƙa shi zuwa 21 ga watan da ya biyo baya, harajin albashi zuwa 10 ga wata, kuɗin fansho kuma kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aiki. Da yawa suna da takarda amma nan suke tsayawa.

Ka yi rajista da ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, a matsayin ɗalibi idan aljihu ya yarda, ka rubuta hakan a saman CV. Yana rage nauyin Lower Credit sosai, don yana nuna ba ka tsaya ba.

Idan za ka kai takarda da hannu, kada ka bar ta wurin maigadi. Ka gaishe shi da mutunci, ka tambaye shi wane ne akanta ko manaja, da lokacin da yake da sarari. Talata zuwa Alhamis da hantsi ya fi. Kada ka je Juma'a, kada ka je ƙarshen wata lokacin da ake rufe lissafi. Ka shirya maganar da ba ta wuce minti ɗaya ba, ka roƙi a gwada ka da aiki na gaske.

Batun uwa a gindin murhu kuwa, akwai shi, ba wanda zai musa. Amma kana da hanya ba ka gane ba. Akantan asibitin da ka zauna da shi, malamanka na poli, dilolin da kawunka ke hulɗa da su. Kuskuren shi ne a je a ce "Alhaji a taimaka a samo mini aiki". Wannan roƙo ba shi da hannun kamawa, sai a ce maka Allah ya kawo. Ka ce masa kamfani kaza na neman mai lissafin sito, ga takardata, ko zai kira manajan ya ce a duba ta. Abin da mutum zai iya yi da kiran waya ɗaya shi yake yi.

Hajiyar Ma'aikata:

Ƙanena, zan ɗan saɓa wa Malamin Ofis a wuri ɗaya. Wasu tallace-tallacen suna fayyace cewa shekarun da ake nufi na bayan bautar ƙasa ne. A irin wannan, idan fom ya tambaye ka, kada ka lissafa koyon aiki da bautar ƙasa ka rubuta biyu. Ana daidaita ranakun da takardar sallamarka, kuma ƙaryar da aka kama a nan takan sa a jefar da sauran gaskiyar.

Shirin horar da sababbin ma'aikata na bankuna shi ne ba ya neman ƙwarewa, amma yana da iyakar shekaru, galibi 26 ko 27, kuma da yawa suna tura masu HND aikin kwantiragi ta hannun kamfanonin samar da ma'aikata. Idan za ka nema, bana ne. Ƙofar intabiyu a can jarrabawar kwamfuta ce ta lissafi da Turanci da tunani, kuma lokaci ne ke kayar da mutane, ba wuyar tambayoyin ba. Ka riƙa gwaji da agogo a gabanka, kusan minti ɗaya ga kowace tambaya. Ka kuma sa ido a kan NJFP, shirin gwamnatin tarayya da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP) da aka ƙaddamar a 2021, wanda ke tura matasan da suka gama bautar ƙasa wuraren aiki na wata 12 da alawus.

Ka duba takardunka tun yanzu. Idan sunanka a WAEC Muhammad ne, a NIN Mohammed, ko ranar haihuwa ta bambanta, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka fara gyaran. Kuma duk wanda ka sa a matsayin mai ba da shaida a kanka, ka nemi izininsa tukuna, ka tura masa CV ɗin.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan damfara, don masu neman aikin farko suke farauta. Saƙon tes ya zo yana gayyatarka intabiyu a wurin da ba ka nema ba, babu sunan kamfani, babu sunan gurbi: kada ka je. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin lafiya kafin a ɗauke ka, ko ya ce yana da gurbin sayarwa a wata ma'aikatar gwamnati, ka rabu da shi. Ka riƙe littafin da kake rubuta duk inda ka nema da ranar, shi zai nuna maka gayyatar gaskiya. Ka nemi sunan kamfanin a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kuma ka sanar da gida inda za ka.

Ɗan Poli:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Baba Akanta, shagon kawu ba shi da takarda mai tambari, ba kuma albashi yake ba ni ba. Zai karɓu a CV? Idan kuma wani ofishi ya ce in zo in koya ba biya, in yarda?

Tsohon Akanta:

Zai karɓu, ɗana, muddin aikin na gaske ne. Ka rubuta sunan da aka san shagon da shi, da layin da yake a Kwari, da watannin, ka kira kanka mai riƙe lissafin kaya, kada ka ce manaja. Abin da zai ƙara masa daraja shi ne ka ɗauki littafin shagon na wata uku ka zuba a Excel: kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, bashin da ake bin kwastomomi da tsawon kwanakinsa, da ribar kowane nau'in atamfa ko shadda. Ka sauya sunayen mutane da ainihin kuɗin don sirrin kawunka, ka buga shafi biyu ka riƙa tafiya da su. Manajan da ya ga wannan ya ga aikinka da idonsa.

Koyo ba biya kuwa, ka yarda da sharaɗi uku: kada ya wuce wata uku, a ba ka kuɗin mota, a kuma amince tun farko za a ba ka takardar shaida mai ɗauke da ranaku da ayyukan da ka yi. Idan mako biyu suka wuce aike da fotokwafi kawai ake sa ka, ka nemi ganin mai ofishin ka roƙi a ba ka fayil ɗin abokin hulɗa ɗaya ka yi aiki a kai. Duk inda ka kai takarda kuma, ka bari kwana bakwai zuwa goma sannan ka tuntuɓa sau ɗaya, da gajeren saƙo mai sunanka da gurbin da ranar da ka kai.