Neman shawara: ganyen nan na bakin tafkin gishiri, ana ci? Zai yi a gida?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Tema, Ghana, kuma rijiyarmu zartsi ce. Alayyafo da rama duk sun ƙi, da sun ɗan tasa sai bakin ganyen ya ƙone. Amma a gefen tafkin Sakumo akwai wani ganye da ya shimfiɗu kore shar a inda gishiri ya yi fari a ƙasa. Yana yaɗo, jijiyarsa (wato karansa) ja-ja, ganyen siriri mai kauri cike da ruwa, furen ƙarami ruwan hoda. Maƙwabciyata ta ce harshen saniya ne. Shi ne? Ana ci? In ana ci, yaya zan dasa shi? Maigida yana da hawan jini, shi ya sa nake taka-tsantsan.

Wani malamin gona:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba harshen saniya ba ne, nata furen rawaya ne, ganyen kuma mai faɗin baki. Siffar da kika kawo ta fi kama da Sesuvium portulacastrum, dangin gadon maciji, wanda ya cika gefen tafkunan Sakumo, Songor da Keta. Ba ya mutuwa da rani, shekara da shekaru yana nan.

Amma kada ki kai baki sai kin duba da kyau. Ganyen bibbiyu yake fitowa, suna fuskantar juna a kan gaɓa, sumul ba gashi, tsawonsa bai cika wuce santimita 7 ba. Ki ɗaga jijiyar, za ki ga saiwa ta kama ƙasa a gaɓoɓin. Furen shi ne babbar shaida: ɗaya tak a hammatar ganye, kunnuwa 5 kamar tauraro, ciki ruwan hoda, baya kore, tsakiya cike da zare-zare. Da rana za ki je, lokacin ne yake buɗewa. Akwai wani mai kama da shi a wuraren, shi ma mai kaurin ganye, amma furensa fari ne a dunƙule, busasshe a hannu. Wannan ba shi ba ne. Duk wanda kuma kika karya ya fitar da farin ruwa irin na nono, ki yar.

Wata uwa daga Ada:
Ƙanwata, in dai shi ne, na ci. Ɗanye yana da ƙaras-ƙaras da gishiri, har da ɗan tsami. Ki tsinki kan jijiyar mai taushi kaɗai, ki tafasa, ki zubar da ruwan, ki sake tafasawa. Sai ki matse ki yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, albasa da barkono. Kada ki ƙara gishiri, da nasa ya zo.

Wani ma'aikacin jinya:
Mama ta yi gaskiya kan zubar da ruwan, ina dai ƙara jan kunne. Gishirin da ganyen ke tarawa shi ne dai wanda aka hana mai hawan jini, tafasa tana rage shi ne, ba ta kawar da shi duka. Ga kuma sinadarin okzalet, wanda bai dace da mai tsakuwar ƙoda ba. Maigida ya tambayi likitansa tukuna, in ya ci ma ya zama ɗanɗano.

Abin da ya fi damuna shi ne inda za ki tsinka. Tsiron nan yana zuƙar dalma da kadmiyam, ƙarafa masu guba, daga ƙasa, har ana gwada shi wajen tsabtace gurɓataccen wuri. Tafkin da kwatocin gari da na masana'antu ke zuba a ciki, ba a cin ganyensa, komai kyansa a ido.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na koma na duba, kunnuwa 5 ne, saiwa a gaɓa. To ke nan ko iri kada in ɗauko daga can?

Malamin gona:
Ki ɗauko, amma daga wuri mai tsabta, nesa da bakin kwata, kuma abin da ya tofo a gida za ki ci, ba wanda kika yanko ba. Ba sai kin wahala da ƙwayar iri ba. Ki yanki jijiya kamar taƙi ɗaya mai gaɓa 3, ki cire ganyen ƙasa, ki binne gaɓa 2 a yashi da aka gauraya da ɗan taki. Buhu ko tsohon baho ya isa, ki huda ƙasansa. Ki riƙa ba shi ruwa har ya kama, daga nan sai ƙasa ta sha iska. Rana yake so tsantsa, a inuwa zai yi tsawo ya rame.

Ruwan rijiyarki ya ishe shi, kada ki zuba masa gishiri. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a lita, yana jure wannan ma, amma ya fi girma a zartsi mai sauƙi. In kina son ganyen ya rage gishiri saboda maigida, ki tari ruwan sama ki riƙa ba buhu ɗaya daban. Ki kuma riƙa tsinke kan jijiyar, hakan ke sa ya yi rassa.