Mece ce ainihin ma'anar kalmar "guy" ta Ingilishi?

Tambaya daga wata ɗaliba, unguwar Birni:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou, kuma akwai kalmar da ta ɗaure mini kai. Wata ƴar uwata da ke karatu a Kano ta aiko mana da saƙo ta WhatsApp, mu huɗu duk mata, ta buɗe da "hi guys", alhali ƙamusuna ya nuna "guy" namiji ne. Kuskure ta yi, ko kuwa haka ake faɗa? Sannan tana da alaƙa da sunan nan Guy na Faransawa?

Amsa daga wani malamin Ingilishi, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, ƴata. Ba ta yi kuskure ba. Idan kalmar tilo ce, namiji ake nufi, amma idan aka jam'anta ta wajen kiran mutane, musamman a Amurka, ta haɗa maza da mata. Alaƙa da sunan kuwa akwai ta, sai dai furucin ya bambanta: Bafaranshe "Gi" yake cewa, mai Ingilishi kuma "gai". Asalinta wani mutum ne, Guy Fawkes, wanda aka kama a Landan ranar 5 ga Nuwamba 1605 yana gadin gangunan albarushi 36 da aka ɓoye a ƙarƙashin majalisar dokoki don a hallaka Sarki James na ɗaya. Daga nan kowace shekara yara kan haɗa mutum-mutuminsa da tsummokara a ƙona shi, har aka riƙa kiran duk mai shigar banza da sunan, kafin Amurkawa su mai da kalmar ta kowane namiji.

Amsa daga wani tela, Kasuwar Dole:

Malam, Allah ya ƙara basira. Ashe a can mai tsumma ake nufi da farko, mu kuwa da ta shigo mana ta zama "gaye", sai muka ba ta mai kwalliya. A shagona, saurayin da ya kawo shadda ya tsaya a kaina sai an matse masa hannun riga, shi muke kira ɗan gaye.

Malamin ya ƙara da cewa:

Haka ne, Alhaji. Ke kuma ƴata, kalmar ta hira ce tsakanin tsara, saboda haka kada ki sa ta a wasiƙar neman aiki, kada kuma ki kira malamanki da ita.