Don Allah me ya sa wasu suke mayar da kaɗaicinsu abin dariya a bidiyo?

Mai_kallo: Jama'a ina da tambaya. Jiya na kalli wani gajeren bidiyo, wani mutum ne yana ba da labarin yarintarsa, tun yana ƙarami ya gane maza yake so kuma ba wanda zai faɗa wa, sai ya ɗauko 'yar tsana ya ɗora ta kan kujera wai ita ce aminiyarsa, yana mata hira yana canza murya yana amsa wa kansa. Wallahi na yi dariya har da hawaye, can kuma jikina ya yi sanyi. Na yi laifi ne da na yi dariya?

Tsohuwar_kyamara: Ba ka yi laifi ba ƙanena, ai shi ya kira ka dariyar. Kuma abin ya daɗe. Akwai Sadie Benning a Milwaukee ta Amurka, haihuwar 1973, ta bar sakandare tana 16 saboda tsangwamar da ake wa masu son jinsinsu, ta kulle kanta a ɗaki da wata kyamarar wasan yara ta Fisher-Price da babanta ya ba ta, PXL-2000, wadda a kaset ɗin rediyo take ɗauka, hoton baƙi da fari dishi-dishi. Sai ta matso da idonta dab da kyamara, ta rubuta magana a guntun takarda ta nuna, ta saka 'yan tsana. A 1993 har baje kolin Whitney na New York aka nuna aikinta. Yarinyar da ba ta da abokin hira fa!

Dare_daya: Ni George Kuchar, wani mai shirya fim ɗan Amurka, ne ya fi taɓa ni, ya rasu 2011. Shekara-shekara yake zuwa jihar Oklahoma ta Amurka ya kama ɗaki a ƙaramin otal shi kaɗai yana jiran guguwa, yana ɗaukar gajimare da talabijin da kansa yana surutu. Kana cikin dariya sai ka lura ba kowa a ɗakin sai shi. Amma Anti ni dai ina ganin wani lokaci dariyar mayafi ce, mu masu kallo mu ji daɗi mu tashi, shi ciwon yana nan.

Tsohuwar_kyamara: Haka ne, sai dai ka tuna yaron nan na bidiyon da Mai_kallo ya gani, shekara da shekaru shi ake wa dariya a aji bai da bakin ramawa, yanzu kyamara na hannunsa, shi ke yanka, shi ke zaɓar inda za a dara da inda za a yi shiru.

Mai_kallo: Na gode Anti. Na sake kallo ɗazu, akwai wurin da ya gyara wa 'yar tsanar zama ya yi shiru, jiya sam ban lura da shi ba.